Kiɗa a Kufan Pompeii

Jirgin ƙasan da ke kai mutum Pompeii daga Napoli a ƙarƙashin babbar tashar birnin ake hawansa. Sai ka ratsa masu sayar da kofi da masu tallar jakunkuna a bakin titi, da yawansu 'yan'uwanmu 'yan Afirka ta Yamma, ka gangara matakala, sannan ka iske layin Circumvesuviana, wanda ya bi gindin dutsen Vesuvius ya nufi Sorrento. Jirgin talakawa ne, kusan kowace unguwa sai ya tsaya. Ta hagu dutsen yana leƙowa tsakanin benaye da shanyar kaya, ta dama teku na ɓullowa yana ɓacewa. Ercolano, Torre del Greco, Torre Annunziata, duk garuruwa ne cike da jama'a da suka yi gini a jikin dutsen da bai daɗe da aman wuta ba, don na ƙarshe a watan Maris na 1944 ya yi shi. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. A tashar Pompei Scavi kusan duk jirgin ya juye.

Yawancin waɗanda muka sauka tare garin da toka ta binne suka zo gani. Ni kuwa wani fim ne ya taso ni. A watan Oktoba na 1971 wasu samari huɗu 'yan Ingila, ƙungiyar Pink Floyd, suka girke kayan kiɗansu a tsakiyar tsohon dandalin wasannin garin, suka kwana huɗu ana ɗaukarsu suna kiɗa, ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba. In ka cire ma'aikatan fim da wasu yaran unguwa da suka saci jiki suka shigo, babu mai kallo. Fim ɗin, Live at Pompeii, ya fito a 1972, kuma tun da na fara ganinsa nake son in tsaya a wurin da ƙafata, in ji abin da filin ya ba kiɗan da abin da makaɗan suka zo da shi a mota.

Irin wannan kiɗa Turawa na kiransa progressive rock. Ya taso a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da wasu matasan makaɗa suka ƙosa da waƙar minti uku da gidajen rediyo ke so, baiti, amshi, baiti, a tashi. King Crimson, waɗanda faifansu na farko ya fito a 1969, da Yes da Genesis, suka ɗauko tsarin tsohon kiɗan Turai na manyan zauruka, wanda ake ginawa babi bayan babi, suka ɗora shi a kan jita da ganga da wutar lantarki. Da yawansu gwanayen yatsa ne kuma suna so a sani. Pink Floyd wani reshe suka bi. Su yanayi suke ginawa: sauti ɗaya ya daɗe yana shawagi, iska ta kaɗa, wani abu ya yi ƙara daga nesa, kafin ganga ta shigo an ci minti biyu ko uku. Mai gaggawa ba ya jin daɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Ta ƙofar Porta Marina na shiga, dandalin kuwa yana can ƙarshen gabas, don haka sai da na ratsa garin kaf. A babban filin tsakiyar gari kowa yakan tsaya, saboda daga nan ake ganin Vesuvius tsaye a bayan ginshiƙan haikali, mita 1,281, shuɗi-shuɗi, kamar bai taɓa cutar kowa ba. A shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) ya rufe garin da toka da tsakuwa mai kaurin mita huɗu zuwa shida, haka ya zauna har aka fara tono a 1748. Daga filin sai ka kama Via dell'Abbondanza, doguwar hanya mai shimfiɗar baƙin dutse. Ƙafafun kekunan doki sun ci dutsen har sun yi masa kwari biyu. A mararraba an dasa manyan duwatsu tsakiyar hanya don mai tafiya ya tsallaka ba tare da ya taka ƙazantar titi ba, an bar tazara yadda keke zai wuce. Ga kantunan abinci da ramukan tuluna a jikin kanta, ga sunayen 'yan takara da jan fenti a bango, ana roƙon a zaɓe su. Kana ƙara nisa mutane na raguwa. Masu jagorar baƙi kan juya da jama'arsu tun a rabin hanya, rana ta yi zafi, ƙafa ta gaji.

Dandalin ba ya nuna girmansa daga waje, don an haƙa shi ne cikin ƙasa aka jingina shi da ganuwar gari. Wani dogon soro mai gangara ake bi, mai duhu da sanyi, sai kawai ka fito cikin haske a tsakiyar fili mai siffar ƙwai, kujerun dutse sun kewaye ka, ciyawa ta cinye rabinsu. An gina shi wajen shekara 70 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana cikin mafi tsufan irinsa na dutse da suka rage daga Daular Rum, kuma yana ɗaukar mutum kusan 20,000. Abin da ake taruwa kallo a nan shi ne mutum ya kashe mutum, ko ya kashe dabba, ko dabba ta kashe shi. A shekara ta 59, zamanin sarki Nero, faɗa ya ɓarke a kan kujerun nan tsakanin mutanen Pompeii da baƙinsu na garin Nuceria, aka yi kisa, har majalisar dattawan Rum ta hana wasa a wurin na shekara goma. Wuri ne da aka gina domin ihu.

Shi ya sa dabarar Adrian Maben, mai shirya fim ɗin, ta burge ni. Ya zo yawon buɗe ido ne, ya nemi fasfonsa ya rasa, ya koma dandalin da yamma yana dubawa, shirun wurin ya kama shi. A lokacin fina-finan kiɗa duk na taro ne, musamman Woodstock na 1970, inda kyamara ke kan dubban matasa cikin taɓo kamar yadda take kan makaɗa. Maben ya ce shi akasin haka zai yi. Makaɗan kuma suka kafa sharaɗi: ba za su yi motsin baki a kan faifai ba, kiɗa za su yi na gaske a naɗa a wurin. Aka loda kayansu a manyan motoci daga Landan. Da aka iso sai wutar da ke kufan ta kasa ɗaukar nauyin, kwanaki suka tafi a banza, sai da aka jawo doguwar waya daga cikin sabon gari. Saboda haka kiɗa uku kacal aka samu ɗauka a Pompeii: Echoes, da A Saucerful of Secrets, da One of These Days. Sauran a wani ɗakin ɗaukar hoto na birnin Faris aka ƙarasa su a watan Disamba, kuma mai lura zai gane, don hasken ba iri ɗaya ba ne.

Na tsaya daidai tsakiya, inda aka girke gangunan Nick Mason, na tafa hannu. Ba ni kaɗai ke yin haka ba, duk wanda ya shigo sai ya gwada. Amsar ta dawo da wuri, gajera, busasshiya, ta mutu. Fili ne buɗaɗɗe, ba rufi, sama ke shanye sauti. Wato doguwar amsa-kuwwar nan da ke cika fim ɗin, wadda mutum zai rantse bangon Rumawa ne ke mayar da ita, daga cikin akwati take fitowa. Sunan akwatin Binson Echorec, ƙaramar na'ura mai faifan ƙarfe da ke juyawa a ciki, yana kama sauti yana sake shi sau da yawa, kowane maimaici ya fi na baya dushewa. A Milan aka ƙera ta. Ogan ɗin Farfisa da Richard Wright ke dannawa shi ma ƙirar Italiya ne. Kayan sun je Landan an koya musu wani sabon aiki, sannan aka dawo da su gida a mota. Abin da dandalin ya bayar daga gefensa shi ne shiru mai faɗi wanda babu tari ko tafi a cikinsa, da rana, da ƙura. Na ga kuma hakan ya isa, domin kiɗan da aka gina a kan sautin da ke dushewa a hankali yana buƙatar wurin da za a ji ƙarshen dushewar.

Na hau can sama inda aka yarda a zauna, na sa abin sauraro a kunne, na kunna Echoes. A faifan Meddle, wanda bai ma fito kasuwa ba lokacin da ake ɗaukar fim ɗin, kiɗan ya haura minti 23, ya cinye gefe guda sukutum. Da ɗigo ɗaya yake farawa: Wright ya taɓa maɓalli guda na fiyano, aka bi da sautin ta cikin lasifikar Leslie, wadda ke da ƙaho mai juyawa a cikinta, sai ya fito yana rawa kamar abin da ya faɗa ruwa mai zurfi. Ɗigon ya maimaita. Jitar David Gilmour ta shigo tana jan ƙafa. Can muryoyi biyu, ta Gilmour da ta Wright, suka hau tare, sun manne har ba ka raba su. Daga nan kiɗan ya miƙe ya kama wani taku mai nauyi, jita mai kaurin murya ta Roger Waters da ganga suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ogan na sara a tsakani. Wannan sashe ko wanda bai saba ba zai gyaɗa kai.

Sai kuma komai ya rushe. Ganga ta ɗauke, kari ya ɓace, ba abin da ya rage sai iska da wasu koke-koke masu tsini kamar na tsuntsayen teku. Iskar Waters ne ke yin ta, yana goga ƙarfe a kan tsirkiya yana tura sautin cikin Binson. Kukan kuwa daga kuskuren haɗa waya ya samo asali: an juya wayoyin wata na'urar da Gilmour ke takawa da ƙafa, na shiga ya koma na fita, ta fara kururuwa, shi kuma maimakon ya gyara sai ya koyi sarrafa kururuwar. Mintuna ake yi a cikin wannan duhu, kuma a nan ne mutane da yawa ke kashe faifan. A ganina nan ne zuciyar aikin, don abin da ke biye ba zai yi tasiri ba in ba a sha wannan jira ba. Ogan ya fara tasowa daga ƙasa, siriri, ɗigon farko ya dawo, jita ta kama wani ƙaramin bugu tana nanatawa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gida farkon damina yana kallon hadari na haɗowa daga gabas, iska ta tsaya cik, kaji sun shige akurki, ya san halin da mai sauraro ke ciki a waɗannan mintuna. Da gangar ta sauko kuwa, sai da na ji tsigar jikina ta tashi, ina zaune a kan dutse da rana tsaka, wasu yara 'yan makaranta na guje-guje a ƙasa.

Shekara guda kafin nan, a 1970, Pink Floyd sun fitar da Atom Heart Mother, inda suka ɗauko masu busa ƙahonin tagulla da ƙungiyar mawaƙa, Ron Geesin ya tsara musu. Faifan ya kai na ɗaya a Ingila, yana da wurare masu kyau, amma kullum ina jin ɗinkin: ga 'yan rok a gefe, ga baƙin da aka gayyato a gefe. A Echoes mutum huɗu ne kawai, ba wanda aka yi haya, amma ginin ya fi kama da na manyan zaurukan: jigo ya bayyana, ya ɓace, a yi nisa da shi, ya dawo ya fi da girma. Sun daina aron kayan wancan kiɗa, sun ɗauki tunaninsa.

A sorayen da ke ƙarƙashin kujerun na tarar an jera hotunan kwanakin ɗaukar fim ɗin, kiɗan na tashi a hankali daga bango. Abin da ya fi tsaya mini a hotunan, kamar yadda yake a fim ɗin, shi ne aiki. Wayoyi a warwatse cikin ƙura. Layin dogo da aka shimfiɗa wa kyamara. Bangon lasifikoki baƙaƙe, an buga sunan ƙungiyar da na Landan a bayansu da farin fenti, kyamara na bi ta bayansu a hankali kamar mai duba kaya a sito. Gilmour ba riga, zaune a ƙasa, jita a cinya, yana murza maɓallan na'ura. Waters na dukan wani ƙaton farantin tagulla da aka rataye, rana a bayansa. Mason, a One of These Days, sanda ta kuɓuce masa, ya zaro wata bai rasa bugu ko ɗaya ba. Ba mai kallon kyamara, ba mai murmushi, ba wanda za su burge. Sauraron juna suke yi, kuma ban san wani fim da ya nuna makaɗa suna sauraro kamar wannan ba.

Akwai abin da ya dame ni, kuma ban so in bar garin ban fuskance shi ba. Tafiyar 'yan mintuna daga dandalin akwai wani lambun inabi, Orto dei Fuggiaschi, inda mutum 13 ke kwance a bayan gilashi, manya da yara. A 1863 Giuseppe Fiorelli, shugaban masu tono, ya gano cewa gawarwakin da suka ruɓe sun bar rami a cikin tokar da ta daskare, sai ya riƙa zuba farar ƙasa a ramukan, siffar mutum ta fito yadda ajali ya same shi. Wani ya dogara da gwiwar hannu yana ƙoƙarin tashi. Wani ƙaramin yaro na kife. Na yi salati, na daɗe a tsaye. Wanda ya tashi a gidan da ake rage murya in an zo wucewa ta maƙabarta dole ya tambayi kansa ko ya dace a kawo bangon lasifika kusa da irin wannan wuri.

Amsar da na samu a ƙarshen A Saucerful of Secrets take. Kiɗan yana farawa da ruɗani, ganga na zagaye ɗaya ba ta fita, Wright na dukan fiyano da tafin hannu, farantin tagulla na ruri, abin da mutane da dama ke fassarawa da yaƙi. Bayan ƙurar ta lafa sai ogan ya ɗauki wasu 'yan sautuka masu sauƙi yana juya su, Gilmour ya ɗaga murya ba tare da kalma ko ɗaya ba. Makoki ne, ko wane yare kake ji za ka gane shi. A filin da aka gina don mutane su yi shewa in jini ya zuba, samarin nan sun yi kuka ga kujerun da ba kowa. Ban ce sun zo da niyyar ta'aziyya ba, fim suka zo yi. Amma ban ji rashin ladabi a cikin abin da suka bari ba.

Gilmour ya dawo a watan Yuli na 2016, dare biyu, wannan karon da 'yan kallo kimanin 2,600 a tsaye cikin filin, da fitilu da wasan wuta, garin kuma ya ba shi takardar zama ɗan gari na girmamawa. Wasan ya yi kyau. Sai dai bai kaɗa Echoes ba, domin Wright ya rasu a 2008, shi kuma yana ganin kiɗan hira ce tsakaninsu su biyu. Na girmama wannan fiye da duk fitilun. A 2025 aka sake fitar da tsohon fim ɗin bayan an wanke hotonsa, Steven Wilson na ƙungiyar Porcupine Tree, ɗaya daga cikin magadan wannan salo, ya sake daidaita sautin.

Kashegari a Napoli na nemi Via San Sebastiano, wata gangara kusa da makarantar koyon kiɗa ta San Pietro a Majella, wadda aka sani da shagunan kayan kiɗa. A wani ɗan shago na tsofaffin faya-fayai na gaya wa dattijon da ke ciki inda na je jiya da abin da ya kai ni. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya sha jin labarin. Da guntun Turancinsa da hannuwansa ya fahimtar da ni cewa Italiya ba masaukin baƙi kawai ta zama wa wannan kiɗa ba. Gaskiyarsa kuwa. Faifan Pawn Hearts na Van der Graaf Generator ya kai na ɗaya a Italiya alhali a Ingila bai yi wani tasiri a kasuwa ba, Genesis ma sun zo a 1972 sun tarar da jama'ar da ba su samu a gida ba tukuna. Milan ta fitar da Premiata Forneria Marconi, Rum ta fitar da Banco del Mutuo Soccorso, yankin Venis ya fitar da Le Orme. Na ce masa, "Maestro, Napoli fa?" Sai ya miƙe ya shiga ciki.

Palepoli ya fito da shi, na ƙungiyar Osanna, 1973, 'yan garin nan da ke hawa dandamali da fenti a fuska. Ya ɗora allura. Da hayaniyar titi faifan ya buɗe, muryoyi da sarewa, sannan wani kari na rawar gargajiyar kudancin Italiya ya ɓarke, ana waƙa da yaren Napoli. A bayansu Mellotron na shimfiɗa sautin goge mai yawa, na'ura ce mai maɓallai da aka naɗe sautin kayan kiɗa na gaske a kan zaren kaset a cikinta, kowane maɓalli da zarensa. Aikin bai kai na Pink Floyd tsabta ba. Yana tsalle daga wuri zuwa wuri, ƙahon Elio D'Anna na kutsowa inda ba a zata ba, wani wurin har naɗin ya cushe. Ƙofar shagon a buɗe take, babura na wucewa, wata mata na kiran wani daga bene, kuma sau da yawa na kasa tantance wace ƙara ce ta faifai wace ce ta titi. Dattijon ya ce 'yan Ingila sun je wurin matattu neman shiru, su kuwa Osanna a nan aka haife su, ba su taɓa jin shiru ba balle su saka shi a faifai.

Na tambayi kuɗin, ya faɗa, ya fi ƙarfin aljihuna, don bugun farko ne. Ya ce sauraro kyauta ne, ya tura mini kujera da ƙafa, ya juya faifan. Gefe na biyu kiɗa ɗaya ne tal, Animale senza respiro, ya haura minti 20, kuma da jita da ƙaho ya faro a guje tun kafin in gama zama.